Idon Baƙo a Garin Kan Dutse: Sharhi a kan Littafin Carlo Levi da Labaran Tafiyarmu

A zangon karatun da ya wuce ne Ƙungiyarmu ta kai ziyara Turunku. Muka tashi daga Kawo da hantsi cikin mota biyu, muka bi hanyar Zariya ta Rigachikun da Mararrabar Jos da Birnin Yero, sa'an nan muka ratse gabas, kafin la'asar sakaliya har mun dawo Kaduna. Bayan an dawo sai aka roƙi duk wanda ya je ya rubuto abin da ya gani, don a zaɓi wanda za a buga a wannan mujalla, aka kuwa ɗora mini nauyin karantawa. Na karanta su duka, kuma ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai su yi mini afuwa in na ce kamar mutum ɗaya ne ya rubuta su. Kowa ya faɗi lokacin da aka tashi, da inda taya ta yi faci, da abincin da aka ci, da godiya ga uban ƙungiya. Daga nan sai a kawo sakin layi guda a kan Sarauniya Amina, wanda da gani ka san daga waya aka kwaso shi. Shi ke nan, wai an je Turunku.

Abin da ya fi damuna shi ne babu mutumin Turunku ko ɗaya mai rai a cikin takardun nan. Dattijon da ya bar aikinsa ya zaga da mu gindin duwatsu da kufan ganuwa, ya sha rana tare da mu, a wajen wasu ya zama “wani tsoho”, a wajen sauran kuwa ko ambatonsa ba a yi ba. Wannan ne ya sa na koma kan wani littafi da na taɓa saya a wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi kusa da Babbar Kasuwa, na ga ya kamata in gabatar da shi ga masu karatu, don shi ma labarin baƙo ne a wani ƙaramin gari na kan tudu, sai dai a ƙasar Italiya.

Sunan littafin da Italiyanci Cristo si è fermato a Eboli, wato Almasihu ya tsaya a Eboli. Fassararsa ta Ingilishi, wadda ta fito a 1947, ita na karanta. Marubucin, Carlo Levi, mutumin birnin Turin ne a arewacin ƙasar, an haife shi a 1902, ya yi karatun likita amma ya fi karkata ga zane. Da yake yana cikin masu adawa da mulkin Musolini, sai gwamnati ta kama shi a 1935 ta yi masa ɗaurin talala a can kudu, a lardin da ake kira Lukaniya a lokacin, yanzu Basilikata. Aka fara ajiye shi a Grassano, sa'an nan aka mai da shi Aliyano, wanda ya sauya wa suna a littafin ya kira shi Gagliano. Bai bar garin ba sai a watan Mayu na 1936, lokacin da aka yi wa fursunonin siyasa afuwa don murnar sojan Italiya sun ci Adis Ababa. Yaƙin nan na Habasha kuwa ba baƙonmu ba ne, domin sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka fatattaki Italiyawa daga Somaliya da Habasha a 1941, kuma sunan Mogadishu da muke ji a tsakiyar Kaduna daga can ya samo asali. Levi bai rubuta littafin nan take ba. Sai da ya shekara bakwai, yana ɓoye a birnin Fulorans tsakanin 1943 da 1944, Jamusawa na farautar irinsa, sa'an nan ya zauna ya rubuta, aka buga a 1945.

Eboli wani gari ne kusa da gaɓar teku, inda hanya da layin dogo suke rabuwa da bakin ruwa su nufi cikin duwatsu. A bakin talakawan yankin, kalmar Kirista tana nufin ɗan'adam, saboda haka in sun ce Almasihu bai ƙaraso wajensu ba, abin da suke nufi shi ne ba a lissafa su cikin mutane. Gwamnati, da asibiti, da shari'a, da tarihi kansa, duk sun tsaya a Eboli. Jigon littafin ke nan, kuma duk abin da ya biyo baya warwararsa ce.

To, ta yaya Levi ya warware shi? A nan ne gwanintarsa take, kuma a nan nake so mu dakata. Bai fara da tarihin kafuwar gari ba, bai kawo jerin sarakuna ba. Ya fara da ƙasar da garin yake kai: farin yumɓu marar itace, kwazazzabai ta kowane gefe, ƙasa tana zaftarewa duk damina, har ta taɓa tafiya da cocin garin. Sa'an nan ya shiga ɗaki. Ya nuna mana ɗaki guda wanda shi ne madafa, shi ne makwanci, dabbobi a ƙarƙashin gado, mutane a kan gado, jariri a rataye cikin shimfiɗa a sama. A bango kuma hotuna biyu, na Maryamu ta Viggiano da na Shugaban Amurka Rusabelt, babu na Sarkin Italiya, babu na Musolini. Da wannan ɗan abu kaɗai ya gaya mana cewa Rum ba ita ce alƙiblar mutanen nan ba, zuciyarsu tana Niyok inda 'ya'yansu suka tafi ci-rani. Wani marubucin sai ya cika shafi biyar yana bayanin ƙaura da talauci, shi kuwa ya bar bango ya yi magana. Haka ya yi da baƙaƙen ƙyallayen makoki da ake kafawa a ƙofar gida a bar su har rana ta cinye su, ga su kusan a kowace ƙofa, saboda zazzaɓin cizon sauro ya zama ɗan gida.

Akwai kuma ban dariya mai ɗaci. Gwamnati ta ƙaƙaba jangali a kan awaki, wai suna ɓarnar shuka, ga shi kuwa akuya ita ce dukiyar talaka a wurin da ba abin da ke tsirowa sai ƙaya, saboda haka mutane suka dinga yanka awakinsu don ba su iya biya. A tsakiyar dandalin garin kuma hukuma ta gina wani katafaren makewayi na siminti irin na birni, a garin da ba ruwan famfo, ba mai shigarsa sai aladu da yara masu wasa. Duk wanda ya taɓa ganin rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da jawabi, ta kafe bayan wata biyu, ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan.

Abu na biyu da ya ɗaga littafin shi ne marubucin yana da abin da zai rasa. Bai so yin aikin likita ba, don ya daɗe da barinsa, amma tun ranar da ya sauka talakawa suka zo suka ɗauke shi ya duba wani mai zazzaɓi da ke bakin mutuwa. Likitocin garin biyu, waɗanda ya nuna su a matsayin jahilai masu kwaɗayi, suka ƙullace shi, daga baya hukuma ta hana shi duba marasa lafiya. Da wani mutum ya mutu saboda jinkirin ba shi izinin fita, saura kaɗan gari ya yi bore, daga ƙarshe mutane suka huce haushinsu ta hanyar shirya wasan kwaikwayo a kan titi. Ka ga ke nan baƙon ya shiga cikin rigimar gari tsundum, yana da masoya, yana da maƙiya, kuma ƙafarsa a ɗaure take, ba shi da motar da za ta mai da shi gida kafin magariba. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Levi raɓa ce da aka hana ta bushewa har wata takwas, shi ya sa ta jiƙa ƙasa.

Yanzu bari mu waiwayo gida. Ba za a ce Bahaushe bai iya labarin tafiya ba, alhali kuwa fatauci da aikin Hajji ta ƙasa sun kai shi Gwanja da Tarabulus da Makka tun ba yau ba. A rubuce ma muna da abin nunawa. Akwai labarin Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da aka bautar, ya bi Barth har Landan a 1855, ya ba Schön labarinsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Akwai Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944 bayan tafiyarsa Ingila a 1943 cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma, su Azikiwe. Akwai kuma Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, na 1955. Waɗannan su ne iyayenmu a wannan fanni, kuma ba wanda zai karanta Imam bai ji daɗin Hausarsa ba.

Amma a lura da irin tafiyar. Imam baƙon hukuma ne a tsakiyar yaƙi, an tsara masa inda zai je da wanda zai gani, kuma ya san mutanen gida suna jira ya gaya musu yadda ƙasar masu mulkinsu take. Dole idonsa ya tafi ga manyan abubuwa, kuma dole jigon ya zama na wa'azi, wato ga abin da suka yi, mu ma mu tashi. A zamaninsa wannan aiki ne mai amfani, kuma ba a ce ya tafi da ido rufe ba, tun da a tafiyar nan ce ya zauna da Lugga ya gaya masa damuwar Arewa. Illar ita ce mu da muka biyo baya mun gaji siffar mun bar dalilin. Mun ɗauka labarin tafiya shi ne jerin tashoshi: mun tashi, mun isa, an tarye mu, an nuna mana, mun yi mamaki, mun dawo. A ganina Dorugu ya fi kusa da abin da nake nema, don shi yaro ne ba mai jawabi ba, ba wanda ya damu ya burge shi, saboda haka ya sami sukunin kallon yadda Turawa ke zama cin abinci da yadda matansu ke ɗaure ƙugu, ya faɗa yadda ya gani.

Wani abin kuma, duk tafiye-tafiyen nan sun fuskanci waje ne, kuma sun fuskanci sama, daga ƙaramin wuri zuwa babba. Wanda ya juya ya nufi ƙauye da alƙalami a hannu, galibi Bature ne. Clapperton ya hau Dala a 1824, Barth ya hau a 1851 ya tsaya yana kallon Kano a ƙarƙashinsa ya siffanta ta. Bayansu sai jami'an mulkin mallaka masu rangadi, waɗanda rahotanninsu na ƙidayar haraji suke jibge a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a nan Kaduna. In kana son sanin gidaje nawa ne a wani ƙauyen kan dutse, da abin da suke nomawa, da inda suke ɗibar ruwa shekara ɗari da suka wuce, sau da yawa wurin mai karɓar haraji za ka je, da Ingilishi kuma. Wannan abin kunya ne gare mu, mu masu nazarin Hausa.

Ga shi kuwa garin kan dutse ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Kano daga gindin Dala ta tashi, wurin su Barbushe. Zazzau tana da Turunku da Kufena, Zamfara tana da Kwatarkwashi. Marigayi Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da John Sutton da ya yi aikin tonon tarihi a Zariya, duk sun ja hankali ga yadda duwatsun nan suka zama cibiyar zama: ga tsaro, ga ruwa da ƙasa mai albarka a gindinsu, wani wurin ga tama, ga kuma imanin cewa mazaunin iskoki ne. Kusan dalilan da suka kai Italiyawa kan tudu ke nan, gudun mahara da gudun sauron fadama. Mu mutanen Kaduna ne ma abin ya yi mana nisa, don garinmu ba shi da ganuwa ba shi da dutsen tsafi, Turawa ne suka shata shi a fili a ƙasar Gbagyi, suka taso da hedikwata daga Zungeru a 1917. Wataƙila shi ya sa da muka tsaya a gaban duwatsun Turunku muka rasa abin tambaya.

Ko a sakin layin nan na Amina da kowa ya kwafa, akwai abin da ya kamata ɗalibin jami'a ya tsaya a kai. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta shekara 34 tana yaƙi. Lissafin Zazzau kuwa ya sa Bakwa Turunku, wanda ake danganta ta da shi, a wajen 1536, kuma sunanta ba ya cikin jerin sarakunan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Tazarar shekara ɗari ce tsakanin ruwayoyin nan, amma ba wanda ya rubuta cewa ya tambayi dattijon nan yadda su suka ji daga kakanninsu.

Kada mai karatu ya zaci ina cewa Levi ba shi da aibi. Yana da shi, kuma babba. Ya nace a kan cewa talakawan Lukaniya suna zaune ne a wajen tarihi, wai zamani bai taɓa su ba tun kafin Rumawa. Amma littafinsa da kansa ya ƙaryata shi. Mutanen da suka je Amurka suka dawo da haƙorin zinariya da almakashi da reza, waɗanda kakanninsu suka yi yaƙin sunƙuru da sabuwar gwamnatin Italiya bayan 1860, waɗanda ake ɗibar 'ya'yansu zuwa Habasha, ta yaya za a ce tarihi bai san da su ba? Tarihi ya san da su sarai, bulalarsa ce a bayansu. Sa'an nan in ka duba, masu faɗa-a-ji na garin, su magajin gari da likitoci da limamin coci, kowa da sunansa da halinsa da muryarsa, amma talakawan da yake ƙauna sau da yawa taro ne kawai, baƙaƙen tufafi da idanu. Wadda ta fito sosai a cikinsu ita ce Juliya, mai yi masa aikin gida, ita ma ya fi sha'awar tsafinta da surkullenta bisa ga tunaninta. Tausayi ne, amma tausayin mai kallo daga sama. In ka cire ƙaunar, jimlolinsa a kan mutanen da ba su da tarihi ba su da nisa da na jami'in rangadi a kan mazauna duwatsun kudancin Zazzau.

A nan ne maganar ta dawo kanmu da nauyi. Mu ma muna da Ebolinmu. Tun rikicin Fabrairun 2000 garin nan ya rabu, Musulmi suka taru a arewacin kogi, Kirista a kudu, har akwai ɗalibai a cikinmu da aka haifa a Unguwar Rimi ko Malali ko Unguwar Sarki waɗanda ba su taɓa kwana a ƙetaren gada ba. Duwatsun Kajuru da Kagoro suna nan cikin jiharmu, da mutanensu Adara da Agworok, waɗanda da yawansu da Hausa za su amsa maka gaisuwa. Ranar da ɗayanmu zai je can da niyyar rubutu, jarrabawar da Levi ya faɗi ita ce za ta tare shi: zai bar mutane su yi magana da bakinsu, ko kuwa zai dawo mana da tsofaffin sunayen raini da muka gada, ya lulluɓe su da tausayi? Na san kuma hanya ba ta da daɗi. Wanda ya tuna ɗaliban da aka sace a Afaka a watan Maris na 2021, cikin ƙaramar hukumar Igabi, wadda Turunku ce hedikwatarta, ba zai zargi shugabannin Ƙungiya don sun ce a dawo kafin duhu ba. Amma ko cikin awa huɗu ana iya tambayar mutum sunansa da abin da ya shuka bana.

Littafin Levi ya yi aiki a ƙasarsa. 'Yan shafukan da ya ba 'yar'uwarsa, likita ita ma, ta siffanta yadda ta ga mutane suna zaune cikin kogunan dutse a Matera tare da dabbobinsu, suna cikin abin da ya tayar da ƙurar da ta kai ga dokar 1952 ta kwashe su daga can. Kogunan nan da aka kira abin kunyar ƙasa su ne UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1993, yau masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su kwana a ciki. Aliyano kuwa ta zama wurin ziyara saboda littafin da manyanta suka ji haushinsa da farko, an mai da gidan da ya zauna gidan tarihi, amma mazaunanta ba su kai dubu ba, matasa sun watse. Baƙo yana zuwa ya ɗauki hoton kwazazzabo ya wuce, kamar dai yadda muka yi a Turunku.

A ƙarshen littafin, da zai tafi, mutanen gari sun roƙe shi ya zauna, ya yi musu alkawarin zai dawo, ya kuma amsa da kansa cewa har lokacin da yake rubutu bai cika ba. Daga baya ya koma, kuma da ya rasu a Rum a watan Janairu na 1975, Aliyano aka kai shi aka binne. Mu ma da za mu shiga mota, dattijon nan ya riƙe hannuna ya ce, “Yaro, in kun rubuta, a aiko mini in sa jikana ya karanta mini, in ji abin da kuka ce a kanmu.” Na ce masa to, Baba, in Allah ya yarda. Takardun suna nan cikin jakata, har yau ban aika ba.